Kumburi a matsematsin Baba bayan an zura masa roba zuwa zuciya, dan Allah wa ya taɓa gani?

'Yar Autar Baba:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah duk wanda ya san wani abu a kan wannan ya taimaka min, wallahi daren jiya ban runtsa ba.

Babanmu ne, shekararsa 67, yana da hawan jini da suga tun muna yara. Watannin baya ya fara kukan ƙirjinsa na ɗaurewa in ya taka, daga gida zuwa masallacin unguwa sai ya tsaya ya dafa katanga ya huta kafin ya ƙarasa. Muka yi ta yawon asibiti har dai aka tura mu Abuja wajen likitan zuciya, suka yi masa aikin nan da ake huda jijiya a matsematsi a zura siririyar roba har zuciya, kateta suke ce mata, suka ga jijiya ɗaya ta kusa toshewa gaba ɗaya sai suka sa masa sitent, ɗan bututun ƙarfen da ke riƙe jijiya a buɗe, a take. Ranar Talata aka yi, ya kwana ɗaya, Laraba da yamma aka sallame mu, Alhamis muka kamo hanyar Funtuwa, kun dai san tafiyar, awa da awanni yana zaune a mota ƙafa a lanƙwashe.

Da farko lafiya lau alhamdulillah, ƙirjin ya sake shi har yana cewa ji yake kamar an sauke masa buhu. A wurin hudar akwai ɗan ƙullutu kamar dabino kuma jini ya ɗan kwanta a gefe, tun a asibiti suka gani suka ce ba komai. To jiya Asabar da safe ya shiga bayi, dama kwana uku cikinsa a ɗaure yake, kuma masai ɗinmu na tsuguno ne, ya daɗe a ciki yana yunƙuri, da ya fito kuma bai kira kowa ba ya ɗauki bokiti cike da ruwa ya kai banɗaki da kansa, shi mutum ne da ba ya son a yi masa hidima ko kaɗan. Bai faɗa wa kowa ya ji wani abu ba sai da daddare Umma ta ga yana ɗingishi yana cije leɓe ta matsa masa. Ni ban gani da idona ba, kun san tsakanin 'ya da uba, amma Umma da Yayanmu sun ce ƙullutun nan yanzu ya kai ƙwan kaza, yana masa zugi, kuma baƙin ya sauko cinya.

Gwaggonmu ta zo tun asuba ta ce kaluluwa ce kawai, a gasa da ruwan zafi a shafa man zafi, in bai saɓe ba a kira wanzami ya yi masa ƙaho ya zuƙe mataccen jinin. Kawu kuma ya ce maganin tsinka jinin nan guda biyu da aka ba shi, asfirin da Plavix, su ne suka jawo, a dakatar da su tukuna har wurin ya warke. Takardar sallamar da turanci take kuma nas ɗin da ta yi mana bayani da sauri ta yi muna ta haɗa kaya, lambar da suka ba mu na kira ya fi sau goma ba a ɗauka, yau Lahadi. Baba shi cewa yake a bar shi zai saɓe, ba ya son a ƙara kashe kuɗi bayan abin da aka riga aka kashe.

Dan Allah haka yake yi wa kowa? Mu gasa ko kar mu gasa? Maganin fa, Umma tana riƙe da na safe ba ta ba shi ba tana jira na.

Tsohon Direba:

Wa alaikumus salam 'yata, sannu da jinya, Allah ya ba Baba lafiya. Ni an yi min irin wannan aikin shekara huɗu ke nan, ta cinyar dama. Gaskiya ƙullutu kam na yi shi, kamar ƙwallon dabino, da tauri, in na taɓa akwai ɗan ciwo. Kwanciyar jini kuwa ba a magana, sai da ta sauko min har gwiwa, kuma ki yi haƙuri da maganar, har gabana sai da ya yi baƙi, ranar da na gani na ɗauka shi ke nan. Likitana ya ce jinin da ya ɗan tsiyaya ƙarƙashin fata ne yake gangarowa ƙasa, ya yi baƙi, ya koma kore-kore, ya koma ruwan ɗorawa, wajen sati uku zuwa huɗu ya ɓace, ƙullutun ya fi haka daɗewa, ya haura wata.

To amma nawa kullum raguwa yake, bai taɓa ƙaruwa ba ko sau ɗaya. Wannan da kika ce daga dabino ya koma ƙwan kaza a wuni ɗaya bayan ya yi yunƙuri, shi ne bai kwanta min ba sam. Ni an gargaɗe ni sati guda kar in ɗaga abin da ya wuce kilo biyar, bokitin ruwa kuwa ya ninka haka sau biyu ko uku. Ki lallashi Gwaggo, maganar wanzami a ajiye ta.

Sista Mai Ritaya:

'Yata ki ajiye komai ki karanta wannan. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin maza da ɗakin tiyata.

Ki ce wa Umma ta ba shi maganinsa yanzun nan, duka biyun, kar a tsallake ko ƙwaya ɗaya sai in likitan zuciya ne da bakinsa ya ce a tsaya. Kar a gasa, kar a murza, kar a shafa man zafi, kuma wanzami ko ƙofar ɗakin kar ya shigo. Wurin nan ba maruru ba ne, babbar jijiyar da ke kai jini ƙafa gaba ɗaya ce aka huda, kaurinta ya kai ɗan yatsa kuma jinin cikinta da ƙarfin bugun zuciya yake tafiya, in aska ta shiga wurin nan kafin ku fito da mota jininsa ya ƙare, ba tsorata ki nake ba gaskiya nake faɗa miki.

Yanzu ki sa Baba ya kwanta rigingine, ƙafar a miƙe, ba filo a ƙarƙashin gwiwa. Yayanku ya wanke hannu ya ɗora yatsu uku a kan kumburin a hankali, ba dannawa ba, ya yi shiru ya ji. Yana bugawa ɗif ɗif kamar zuciya, yana ɗaga masa yatsu? Ko yana jin wani zirrr kamar waya in tana kan baibireshin? Sannan ya taɓa tafin ƙafafun biyu ya gwada, ta wajen aikin ta fi sanyi ko ta yi fari ko ta dushe? Ku tambayi Baba ko tana masa dindiris ko ta mutu. Akwai zazzaɓi, wurin ya yi ja ya yi zafi ko yana fid da ruwa ko mugunya? Yana jin jiri in ya tashi, ko gumi mai sanyi, ko ciwon baya ko kwiɓi ta wannan ɓangaren? Ku ɗauki biro ku zagaye iyakar kumburin a kan fata ku rubuta lokaci a gefe, shi zai nuna muku ko yana ƙaruwa, ido kaɗai yana yaudara.

Ki dawo ki faɗa min, ina riƙe da wayar.

Ɗan Tudun Wada:

Allah ya sawwaƙe. Ni dai a ganina gashin ruwan ɗumi ba ya cutarwa, mahaifiyata lokacin da aka sa mata ruwa hannunta ya kumbura suntum da tawul da ruwan ɗumi muka yi ta gasawa kwana biyu ya saɓe. Ku gwada kafin gobe Litinin a samu likitoci, yau ko kun je asibiti ba lallai ku samu manya ba.

'Yar Autar Baba:

Sista na gode Allah ya saka da alheri, Umma ta ba shi maganin. Yaya ya taɓa ya ce wallahi bugawa yake, yana ɗaga masa yatsu kamar yadda kika ce, har ya kira Umma ita ma ta ji. Ƙafar da ɗuminta daidai da ɗayar, yana motsa yatsunsa, ya dai ce gaban cinyar na masa ɗan dindiris. Babu zazzaɓi, babu ruwa, babu jiri, ba ciwon baya. Mun zagaye da biro ƙarfe 9 da minti 20. Gwaggo ta riga ta ɗora ruwa a wuta ina ta ba ta haƙuri, ta ce mu yaran zamani komai asibiti.

Sista Mai Ritaya:

To ku tashi ku tafi yanzu, ba gobe ba. Ku nufi asibitin koyarwa, daga Funtuwa Shika ta fi muku kusa, ku shiga ta ɗakin gaggawa, ba a rufe shi Lahadi kuma akwai likitan da ke kan kira. Da kun shiga ki faɗa musu a jere: an yi masa kateta ta cinya ranar Talata, an sa sitent, yana shan asfirin da Plavix, wurin ya ƙaru tun jiya kuma yana bugawa. Za su nemi sikanin na dofla, hoton da ke nuna yadda jini ke gudu a jijiya. Ku tafi da takardar sallamar da duk kwalayen magungunansa har na suga da na hawan jini. Kar a ba shi abinci mai nauyi a hanya ko da za a buƙaci yi masa wani aiki, amma tunda mai suga ne ku riƙe wani abu mai zaƙi a jaka kuma ku faɗa musu yaushe ya ci na ƙarshe.

A mota ya kwanta a kujerar baya ƙafar a miƙe, ba babur ba adaidaita sahu ba, kuma kar ya taka da ƙafarsa zuwa motar in da hali, ku tallafe shi. In a hanya kuka ga kumburin ya tsallake layin biron yana hawa a gaban idonku, ko jini ya ɓalle ta hudar, Yayanku ya danne da ƙarfinsa duka, da yatsu ko da dunƙulen hannu, a kan wurin da ɗan sama da hudar kaɗan ta wajen mara, don ramin da ke jikin jijiyar yana sama da na fata. Ya danne kamar minti 15 zuwa 20 ba ɗagawa, ba leƙawa a ga ko ya tsaya, direba kuma ya ci gaba da tafiya.

Ɗan Tudun Wada, ɗana, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa amma ba abu ɗaya ba ne. Na mahaifiyarka ƙaramar jijiyar hannu ce ruwa ya fita daga cikinta. Wannan kuwa jijiya mai bugawa ce kuma ga alama ramin bai rufe ba, zafi buɗa jijiya yake yana ƙara gudun jini, murzawa kuma tana ɓalle ɗan gudan jinin da ya fara toshe wurin.

Ita Gwaggo ki ce mata ta yi wa ɗan'uwanta addu'a, ruwan da ta dafa a zuba a fulas za ku buƙace shi a asibiti.

Likitan Karkara:

Ina goyon bayan duk abin da Sista ta ce, ina fatan kun riga kun kama hanya. Bari in ɗan yi bayani saboda masu karantawa daga baya, don tambayar nan tana yawan zuwa mana yanzu da mutanenmu ke zuwa Abuja da Legas da Masar da Indiya ana yi musu aikin su dawo gida inda babu wanda ya yi musu.

Abin da ake yi shi ne a soka allura a jijiyar matsematsi, a bi da siririyar waya ta cikinta, a ɗora wani ɗan bututu a kan wayar wanda ta cikinsa ake shigar da kateta, faɗinsa wajen milimita 2 ko sama da haka kaɗan. Da an gama a zare shi, to ramin nan ko dai a danne shi da hannu na tsawon lokaci sannan mutum ya kwanta flat awa huɗu zuwa shida, ko a sa masa wani ɗan toshi irin su Angio-Seal wanda jiki ke narkar da shi cikin wata biyu zuwa uku, shi ma yana barin ɗan ƙullutu kamar gyaɗa. A kwanakin farko abin da ya rufe ramin ɗanyen gudan jini ne kawai, kuma ga shi mun ba mutum maganin hana jini daskarewa da gangan. Shi ya sa yunƙurin bayi da ɗaukar kaya da tari mai ƙarfi ke iya sake buɗe shi.

Mafi yawan kumburin da muke gani irin na Tsohon Direba ne, jini ya taru ƙarƙashin fata ya daskare, jiki ya shanye abinsa. Wanda ake tsoro a labarin Baba shi muke kira sudo-anurizim. Ramin ne bai rufe ba, jini ya fita ya yi wa kansa jaka a cikin nama, kowane bugun zuciya jini ya shiga jakar ya fito ta wani ɗan siririn wuya, shi ya sa take bugawa. Jakar nan ba ta da bangon jijiya na gaske, nama ne da gudan jini suka kewaye ta, tana iya girma ta danne jijiyar ji da ke gefenta, wannan dindiris ɗin da Baba ke ji a gaban cinya ke nan mai yiwuwa, tana iya danne jijiyar da ke mayar da jini ƙafa ta kumbura, tana kuma iya fashewa. Ya fi samun tsofaffi, da masu hawan jini, da masu ƙiba, da masu shan maganin tsinka jini.

Amma in faɗi gaskiya saboda kar a tafi da rabin magana, ba duk ƙullutu mai motsi ba ne wannan, wani lokacin daskararren jini ne ya hau kan jijiyar yake ɗaukar bugunta, hannu ba ya iya rabewa, ko ni sai na sa abin saurare na ji ko akwai huci, sannan sikanin ya yanke hukunci. In an tabbatar, ƙarama wadda ba ta kai santimita 2 ba sau da yawa ana sa mata ido ne ta rufe da kanta ana maimaita sikanin, duk da cewa ga mai shan magungunan nan ba a cika sakin jiki da hakan ba. Wadda ta fi haka ana danne wuyanta da kan na'urar sikanin har jinin ciki ya daskare, yana da ciwo kuma yana cin lokaci, ko a yi mata allurar tirombin, maganin daskarar da jini, ana kallo a allo ta daskare nan da nan. Tiyata sai in tana girma da sauri, ko ta danne wani abu, ko fatar sama ta fara lalacewa, ko ƙwayar cuta ta shiga, ko waɗancan hanyoyin sun ƙi.

Wani abu da nake so kowa ya riƙe, akwai zubar jinin da ba ta nuna kumburi a waje ko kaɗan, jinin baya yake bi ya taru a bayan ciki. Ta fi faruwa a awannin farko zuwa kwana ɗaya. Mutum ya ce bayansa ko kwiɓinsa na ciwo, ya yi fari, gumi, jiri, zuciya na gudu, kar a tsaya duba cinya a ce ai ba kumburi. Haka in ƙafar ta yi sanyi ta yi fari tana ciwo, wannan awanni ake ƙirgawa ba kwanaki ba. In kuma ƙafar ce gaba ɗaya ta kumbura tun daga ƙauri, musamman bayan doguwar tafiya a mota ko jirgi, ana duba gudan jini a jijiyar da ke komawa.

Kaluluwa dai Gwaggo ba ta yi ƙarya ba ana yin ta a wurin, amma ita ba ta ninka kanta a wuni ɗaya don an ɗaga bokiti.

Don ciwo farasitamol kawai. Kar a je kemis a karɓo dikilofenak ko ibufurofen ko haɗin nan na ciwon jiki da ake ƙullawa a leda, suna ƙara zubar jini a kan asfirin kuma suna taɓa ƙoda, ga shi an yi masa amfani da ruwan hoton nan da ake zubawa a jijiya lokacin aikin, mai bi ta ƙoda, kuma mai suga ne. Su waɗanda ba a yi musu ba tukuna, ku tambayi likita ko za a iya bi ta wuyan hannu, yanzu wurare da yawa ta nan suke farawa don matsalar zubar jini ta fi sauƙi kuma mutum na tashi zaune da wuri, sai dai ba kowa jijiyar hannunsa ke ba da dama ba.

Maman Biyu:

Ni maganar Kawun ce ta sa na kasa wucewa ban yi magana ba, don abin da ya same mu ke nan. Maigidana an sa masa sitent, sati na uku ya ga dasashinsa na jini in ya yi asuwaki kuma ko ina ya ɗan bugu sai jini ya kwanta, wani abokinsa ya ce ai maganin nan ne ya yi masa ƙarfi ya huta kwana biyu, bai faɗa min ba ya daina, ni ina ganin yana buɗe kwali ashe na hawan jini kaɗai yake sha. Kwana biyar tsakani da tsakar dare ya tashe ni yana riƙe da ƙirji gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, bai iya ko salati da ƙarfi ba. Gudan jini ne ya toshe cikin sitent ɗin. Allah ya yi da sauran kwana an sake buɗewa, amma wani ɓangare na zuciyar ya riga ya lalace, har yau bene hawa ɗaya sai ya huta a tsakiya, mutumin da a da yake noma da hannunsa.

Likitan ya zaunar da mu ya ce sitent ƙarfe ne, kafin nama ya rufe shi jini na ganinsa baƙo ne yana son ya daskare a kansa, magungunan nan biyu su ke hanawa, shi ya sa ake haɗa su wata shida zuwa shekara, asfirin kuma yawanci a ci gaba da shi. Yanzu ni nake ba shi a hannu da kofin ruwa ina tsaye har ya haɗiye. 'Yar'uwa ki karanta wa Kawu wannan dan Allah, kuma ku riƙa sayen na gaba tun saura sati ya ƙare, kar ranar da ya ƙare a ce sai an shiga Kaduna.

Malam Na Zaure:

Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne. Na san irin su Baba, abin da zai fi damunsa bai wuce sallah ba, zai ce sai ya yi ruku'u da sujada ya zauna tahiya, kuma duk lanƙwasa wurin ne. A tuna masa hadisin Imrana ɗan Husaini, da ya yi rashin lafiya Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Duk yadda likita ya ce ya kwanta ya yi ta a haka da ishara, ladansa na nan. In ɗaga ƙafa wajen alwala zai taɓa wurin a zuba masa, ɗa ya wanke wa ubansa ƙafa ba abin kunya ba ne.

'Yar Autar Baba:

Salam, ku yi haƙuri da shirun, sai yau Talata na samu kaina. Mun tafi a ranar, da kyar Baba ya yarda sai da Umma ta yi kuka. Kafin mu isa kumburin ya ɗan tsallake biron ta gefen ciki kamar faɗin farce. Sun karɓe mu, likitan ya sa abin saurare a wurin ya ce yana jin huci, aka ɗebi jini aka ce bai yi ƙasa sosai ba, wajen la'asar aka samu mai sikanin. Abin da Dakta ya faɗa ne, jakar jini, sun ce ta ɗan haura santimita 3, Yaya ya ce ya ga ja da shuɗi na juyawa a cikinta a allon.

Allurar tirombin ɗin ba su da ita a ƙasa ranar, don haka dannewa aka yi da kan na'urar bayan an yi masa allurar rage ciwo. Ina daga waje a kan benci amma ina jiyo shi yana ta hasbunallahu, tunda nake ban taɓa jin muryar Baba haka ba. Zagaye na farko bai kama ba, suka huta suka sake, Yaya ya ce duka ya kusa awa ɗaya, mai dannewar har hannunsa na rawa wani ya karɓe shi. Alhamdulillah ya rufe. Ya kwana flat ƙafa a miƙe, jiya Litinin aka sake sikanin suka ce jini ba ya shiga. Sun samu likitan da ya sa masa sitent ɗin a waya, ya ce kar a taɓa magungunan, a ci gaba da su yadda suke. Da Yaya ya ba su labarin wanzami likitan ya daɗe yana kallonsa sannan ya ce mu gode wa Allah.

Ƙullutun yana nan sun ce zai ɗau makonni kafin ya narke, baƙin ma ya kai gwiwa yanzu amma sun ce wannan ba komai. An rubuta masa maganin laushin ciki, Umma na ba shi gwanda da lemu daidai gwargwado saboda sugan, da ruwa sosai. An ce ya riƙa dafe wurin da hannu in zai yi tari ko atishawa, kar ya ɗaga komai, kar ya tsuguna. Gwaggo ce ma ta zo da kunu yau da safe ta zauna a gefen gadonsa ba ta ce komai ba sai hawaye, Kawu kuma na karanta masa rubutun Maman Biyu a waya.

In Allah ya yarda gobe za a sallame mu, za mu dawo a sake sikanin bayan sati ɗaya. Yaya ya tafi kasuwa neman kujerar nan mai rami da ake ɗorawa a kan masai, in bai samu ba kafinta zai buga mana kafin mu isa gida. Sista dan Allah wanka fa, sun cire bandejin sun sa ƙaramar filasta kuma na manta ban tambaya ba, zai iya zuba ruwa a wurin?

Sista Mai Ritaya:

Alhamdulillah 'yata, sannunku da ƙoƙari. Gobe kafin a sallame ku ki tambaye su tunda su suka ga fatar wurin, amma yawanci zai iya wanka a tsaye ko a zaune kan doguwar kujera, ruwa ya bi ta kai ba a cuɗa da soso ba, a tsane da tawul mai tsabta a bar wurin a bushe, ba hoda ba mai. Bokitin wani ya kai masa. Ku sake zagaye ƙullutun da biro yau, Umma ta riƙa dubawa safe da dare har ranar sikanin, kuma ki karɓi lambar ɗakin da kuke kwance kafin ku fito.